Amarya da Goyo a Gaban Labulen Mai Hoto

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, a ita na zo Kano da goyon wata bakwai. Mijina direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ya kama mana ɗaki a Gyaɗi-Gyaɗi, gidan wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, mu kaɗai ne Kirista a gidan. Daga ƙauyenmu na Filato zuwa nan tafiyar yini guda ce. Ban san kowa ba sai shi, shi ɗin ma lokacin shirin zaɓe ne, kullum ana aikensa ƙananan hukumomi da kaya.

Ni mai tsoro ce tun ina yarinya, haihuwa kuma ta ƙara min. In 'yata ta yi atishawa sau biyu, na fara tunanin wa zai raka ni asibiti, wa zai kai labari gida. In tana barcin rana sai na sa yatsa a hancinta na ji ko tana numfashi. Hajiya takan leƙo ta ce, "'Yar nan, ki bar yarinya ta huta. Ba guduwa za ta yi ba."

Cocinmu ƙarama ce, can cikin Tarauni bayan wani garejin gyaran mota. Ranar Lahadi ina zama kusa da ƙofa ina kallon matan zumunta. Su ne a layin gaba ta hagu, zanensu iri ɗaya, shuɗi mai ratsin rawaya, da farar riga. Suna da tulu da ake bugawa da soso, suna da caki, in suka tashi waƙa har kwanon rufi amsawa yake. Waƙar tana burge ni, amma abin da ya fi ja na wani abu ne da na gani a unguwarmu. Ɗan wata daga cikinsu ya yi ƙyanda, sai ga su suna shigowa bi da bi. Wannan da kunu a filas, waccan ta kwashe wanki, wata ta zauna da yaron uwar ta samu ta runtsa. Sati guda cur gidan bai rabu da shuɗin zani ba. Na tsaya a bakin ƙofarmu da 'yata a baya, na ce a raina, ni in nawa ya zo wa zai shigo?

Shugabarsu tsohuwar malamar firamare ce daga kudancin Kaduna, kowa Mama yake ce mata. Gajeriya ce, da tabarau a wuya. Wata Lahadi bayan an tashi sujada na yi ƙarfin hali na durƙusa a gabanta na ce ina so in shiga. Ta ɗauko littafinta ta sa tabarau.

"An yi miki baftisma, 'yata?"

"An yi, Mama. A rafin garinmu."

"Aurenku fa? A coci aka ɗaura?"

Gaskiyar magana, auren gida muka yi. An biya sadaki, an kai akuya, dangi sun ci sun sha, iyayena sun sa albarka. Hutun kwana uku aka ba mijina a lokacin, aka ce na coci sai ya dawo. Da ya dawo ciki ya riga ya fito, daga nan maganar ta kwanta. Na san doka sarai: wadda ba a ɗaura mata a coci ba ba ta ɗaura zanen zumunta, ba ta kuma cin jibin Ubangiji sai an yi gyaran aure. Ina kallon biro a hannun Mama, bakina ya riga hankalina.

"E, Mama. A coci."

Ta rubuta. Sannan ta ce, "Madalla. Alhamis ta sama za mu zo miki gaisuwa. Ki goge hoton aurenku da kyau."

A hanya wata ta yi min bayani. Al'adarsu ce, in suka je gidan sabuwar shiga, sai a sauko da hoton aurenta daga bango, ya zaga hannu zuwa hannu. Kowace mace ta riƙe shi ta sa wa auren albarka, in ta ga abin tsokana ta yi. Na dawo gida na ɗaga kai. Abin da ke bangonmu kalandar wani kantin taya ce kawai.

Da na gaya wa mijina, dariya ya yi har ya ajiye cokali.

"Maman Bebi, ke da ba ki iya ɓoye ko ƙonewar miya ba? Ki koma ki ce bakinki ne ya zame."

"In na koma ba za su ƙara kallona ba."

"To ki ce hoton yana gida."

"Ƙarya ta biyu ke nan."

"Au, ƙirgawa kike?"

Na fara kuka. Shi kuma abu ɗaya da ba ya jurewa ke nan. Sai ya ce akwai wani mai hoto a bakin titi wajen hanyar gidan zu, yana da kwat da hular digiri da rigar amarya a rataye, don masu son aika hoto ƙauye a ga sun ci gaba. Yanzu in na tuna, ni da na ƙi ƙarya ta biyu da baki, sai ga ni na yarda in yi ta da riga da fure.

An yi zaɓe ranar Asabar, Litinin da hantsi muka tafi. Hajiya ce ta karɓi goyon. Da na gaya mata inda za mu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Amarya da goyo. To ku naku Ubangijin ba ya leƙa shagon hoto ne?"

"Hajiya, yana leƙawa."

"To ai shi ke nan. Kawo ta. Ki murmusa dai, kada ki tsaya kamar an kama ki da kazar mutane."

Mai hoton Bakano ne mai fara'a, bai tambaye mu komai ba. Labule uku gare shi da ake tsayawa a gabansu: mai masallaci, mai jirgin sama, da mai duwatsu da ruwa yana gangarowa. Na zaɓi mai duwatsun don ya yi kama da wajenmu, har na yaba wa kaina dabara. Na lura a gefen dama daga ƙasa ɓera ya taɓa cin labulen, an yi faci da jan zare a tsakiyar ruwan. Na gani da idona, amma na ce wa zai kula.

Rigar ta yi min yawa, aka kama bayanta da fil guda huɗu. Tana warin kafur da turaren wata. Ina cikinta nono ya kawo, ya fara jiƙa gaban rigar, sai mai hoto ya miƙo min furen roba ya ce, "Madam, ɗaga shi sama kaɗan. Yauwa. Oga, dafa kafaɗarta, ai taka ce." Kwat ɗin ta matse mijina a hammata, yana ta danne dariya. Haka aka ɗauke mu.

Da hoton ya fito ya yi kyau har ya ba ni tsoro, sabo fil yana sheƙi. Aure kuwa ya kusa shekara biyu. Na ɗora shi a taga rana ta buge shi kwana uku, na rataye shi kusa da risho hayaƙi ya taɓa shi, sannan na sa a firem.

Ranar Alhamis mata goma sha biyu suka cika ɗakinmu, wasu a bakin gado, wasu a tabarma, takalma sun cika tsakar gidan Hajiya. Suka zo da sabulu da garin masara. Aka yi addu'a, aka sauko da hoto. Ina tsaye jikin ƙofa ina kallo.

"Kai, angon nan an matse shi."

"Ai tun ranar ta nuna masa wa ke da gida."

"Ji yadda ta rungume fure kamar za a ƙwace."

Kowace ta gama tsokanarta sai ta rufe ido ta sa albarka. Wata ta roƙa mana zaman lafiya, wata ta roƙa wa 'yata ƙanne, wata tsohuwa da muke kira Kaka ta roƙa kada mijina ya taɓa haɗari a hanya. Da ya iso hannun wata doguwa mai aiki a asibiti, ta karkata kai ta ce, "Wurin nan kamar na san shi." Mama ta miƙa hannu ta karɓi hoton, ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Duwatsun Filato ai duk kamarsu ɗaya," ta ɗaga waƙa. Aka buga tulu, Hajiya ma ta leƙo tana gyaɗa kai.

Na samu zanena. Ba zan ɓoye ba, watannin nan sun yi min daɗi ƙwarai. Aka fara ba ni caki, da suka ga hannuna yana bin kiɗa daidai aka ba ni ƙaramin tulu. Na san gidaje a Babban Giji da Hotoro, na koyi inda ake samun acca a Kano, na koyi shiga acaɓa da goyo ba tare da na rufe ido ba. Da 'yata ta yi zazzaɓin haƙori, kafin azahar mata uku sun zo. Doguwar nan ta asibiti ta taɓa goshinta ta ce ba komai, ta zauna tana ba ni labari har zafin ya sauka. Abin da na yi ƙarya dominsa ke nan, kuma na same shi. Sai dai duk lokacin da na ɗaga kai na ga hoton, sai in tuna addu'ar Kaka. In mijina ya yi tafiya in zauna ina tunani, addu'ar da aka yi a kan rigar haya tana kamawa kuwa? Ko tana nan rataye a shagon mai hoto tare da rigar?

Babbar matsalar ita ce jibi. Lahadin farko na kowane wata ake yi. Dattawa su zago da faranti, gutsuren burodi da ƙananan kofuna, daga layin gaba ake farawa, ni kuma yanzu a layin gaba nake. In na bar faranti ya wuce, za a tambaye ni dalili. In na ɗauka kuwa, wannan ba Mama na yi wa ƙarya ba. Tun muna yara an gaya mana abin da ake nufi da cin jibi da rashin gaskiya a ciki, kuma na yarda da shi har yau.

Wata na farko, faranti yana saura mutum uku ya iso, 'yata tana kan cinyata tana wasa da ɗankwalina. Na sa hannu ƙarƙashin rigarta na mintsine ta a cinya. Ta tsala ihu, na tashi da sauri na fita da ita, mata suna min sannu da ido. A waje na ba ta nono ina ba ta haƙuri, ina kuka tana kuka. Wata na biyu na sake. A na uku tun da ta ga dattijo ya ɗauko faranti ta fara kallon hannuna.

Ranar Asabar ɗin da za a miƙa mulki, Mama ta aiko in zo gidanta a Hotoro in taya ta wanke kofunan jibi, don Lahadi ta sama za a yi. Ban taɓa shiga gidanta ba, taro a coci muke yi. Na tarar an kawo wuta, maigidanta da maƙwabta biyu suna gaban talabijin suna kallon fareti, suna gardama ko sojojin nan da gaske tafiya za su yi. Na gaishe su. Mama ta ce in zauna a falo ta ɗauko kofunan.

Ni ba na zama a ɗaki ban kalli bango ba. Akwai hotuna da yawa. Ga Mama da jikokinta uku sanye da kayan Kirsimeti. Bayansu duwatsu, ruwa yana gangarowa, a gefen dama daga ƙasa ga faci da jan zare. Kusa da shi ga na ɗanta da hular digiri, labule ɗaya. Can sama kuma ga babban hoto na matan zumunta su takwas a tsaye, har da Kaka, har da doguwar asibiti, duk a gaban ruwana mai faci.

Ban san lokacin da na bi ta kicin ba. Tana tsaye da roba cike da kofuna. Na durƙusa da goyo a bayana.

"Mama, ba a ɗaura mana aure a coci ba."

"Na sani. Tashi ki riƙe min robar nan, hannuna ya gaji."

Na tashi na riƙe. Ta zuba omo a ruwa kamar ba abin da ya faru.

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun ranar da muka zo. 'Yata, duk Kiristan da ke tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Hotoro a shagon nan yake hoto. Facin nan ma a gabana matar mai hoton ta ɗinka shi. Sannan angonki ya dafa kafaɗarki da tawadar zaɓe a babban yatsa. Na ce ikon Allah, wannan ya dangwala ƙuri'a shekara biyu kafin a buga ganga."

Kunya ta sa na so ƙasa ta buɗe. Na ce, "Sauran ma sun sani?"

"Kaka ce kawai ba ta sani ba, ita idonta ba ya gani sosai."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ta miƙo min soso. Ta ce da ta tona ni ranar a gaban mata goma sha biyu, a ɗakina, ga Hajiya mai gidan tana jin komai, da ba zan ƙara taka cocin ba, kuma da an bar yarinya ita kaɗai da jariri a garin da ba ta san kowa ba. Ta ce ta yi niyyar ba ni wata guda in zo da ƙafata. Wata guda ya zama uku.

"Ni ma ban fita ba," in ji ta. "Maganar duwatsun Filato da na yi, me sunanta? Ni da na koyar da yara shekara talatin kada su yi ƙarya. Kuma na bar sunanki a littafi ina sane. Wannan nawa ne, ni zan faɗa wa Fasto da bakina." Ta juyo ta ɗaga rigar 'yata ta duba cinyarta. "Da na ƙara miki lokaci ma. Amma ina zaune kusa da ke ina ganin hannunki. Cinyar jikata ta gaji."

Nan na fashe da kuka sosai, ita kuma ta bar ni na yi. A falo aka yi tafi, wani ya ce an rantsar. Mama ta leƙa ta dawo ta ce, "To, su ma sun miƙa. Saura ke."

Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce da na faɗi gaskiya ranar farko, da ta karɓe ni? Ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta ce zani dai da ba ta ba ni ba, doka ce, ba ita ta kafa ba. Da ta ce in riƙa zuwa ina zama har a gyara. Sannan ta ce, "Amma ban sani ba ko da mun zo gidanki da sauri haka. Wannan kuma abin da ya kamata mu duba ne, mu." Har yau ina juya amsar nan. Ba ta wanke ni ba, ba ta kuma wanke kansu ba.

Muka gama kofuna, muka jera su a faranti suna ɗigar ruwa. Washegari ni da mijina da Mama muka tsaya gaban Fasto da dattawa. Mijina ya ce shi ya kawo shawarar shagon, a haɗa da shi. Aka ba mu horo na wata uku a bencin baya. Na ninke zanena na kai wa Mama, wannan ya fi komai zafi. Da aka yi sanarwa a coci na sunkuyar da kai ina jiran ƙus-ƙus, sai na ji shiru, don labarin ya tsufa a wurin kowa in ban da Kaka, wadda ta tambaya da ƙarfi, "Wace ce?"

Bencin baya yana kusa da ƙofa, inda na fara zama. Lahadin jibi faranti bai iso wurinmu ba, ba wanda ya sa ran zai iso. 'Yata ta yi barcinta a cinyata har aka tashi. Ranar Alhamis kuma ina zuwa taro da atamfata, in zauna a gefe. Sati na biyu mai buga ƙaramin tulu ta kasa bin kiɗa, Mama ta ce ta duba littafi ba ta ga inda aka ce tulu yana tambayar zani ba, aka miƙo min.

Bayan damina aka yi mana gyaran aure. Ba farar riga, atamfa muka ɗinka iri ɗaya ni da shi, 'yata tana tafiya tana riƙe da gefen zanena. Matan zumunta suka dafa shinkafa, Hajiya ta aiko da bokiti biyu na zoɓo mai ƙanƙara, ta ce a gaya wa amarya wannan karon ta yarda. Mai hoton da aka kira kuwa shi ne dai. Ya saita kyamara, ya ɗago kai ya dube mu.

"Oga, ba na taɓa aurar da ku ba?"

Fasto da kansa sai da ya juya baya yana gyara tabarau.

Alhamis ɗin da aka mayar min da zanena suka sake zuwa ɗakinmu, don Mama ta ce gaisuwar farko ba ta zauna ba. Na sauko da sabon hoto, mu uku a ƙofar coci, ana ganin gefen garejin a baya. Ya fara zagawa. Da ya iso hannun Kaka ta kai shi dab da hancinta, ta juya shi, ta miƙo min.

"Ina wancan mai ruwan?"

"Kaka, yana ƙarƙashin akwati. Ai na ƙarya ne."

"Rigar ce ta haya. Mijin na haya ne? Ɗauko min. Na riga na roƙa masa tsari a kan wancan, ba zan sake daga farko ba."

Na ɗauko shi, ta haɗa biyun ta riƙe a hannu ɗaya, ta rufe ido ta ci gaba daga inda ta tsaya.